Silin cikin Peugeot 504 ya ƙi zama, ina neman shawara

Assalamu alaikum, masana tsofaffin motoci. Ina gyara Peugeot 504 salun ta mahaifina, haɗin Kaduna. An gama inji da fenti, silin ciki ne ya tsaya mini a wuya.

Irin na leda ne mai aljihuna, wanda ake zura wa sandunan ƙarfe su maƙale a gefen rufi. Na asali ya ruɓe, wasu sandunan kuma sun ɓace. Na samo wasu daga jikin 504 da aka yanka, amma ina zargin na wagon ne, domin ta baya ta ƙi shiga raminta. In an matsa mata sai ta lanƙwashe, ledar ta saki har tana taɓa hular mai zama a baya.

Shin kowace sanda da tsawonta da gurbinta? Ta yaya ake gane jerinsu? Kuma dole ne a cire gilashin gaba da na baya kafin a cusa bakin ledar ƙarƙashin roba? Mai kushin ya ce mu manna soso da gam kawai, ni kuwa ban yarda ba, zafin rana zai sake shi.

Wanda ya san inda ake samun sandunan salun a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, don Allah ya taimaka.