Wa zai ba mu Hausar "rythme jonctionnel accéléré"?

'Yan'uwa ma'aikatan lafiya na Damagaram, ku taya ni. Jiya da dare aka kawo mana wata mai jego, watanta uku da haihuwa, tana shan digoxine (mai ƙarfafa bugun zuciya) da furosémide (mai sa fitsari) saboda raunin zuciya. Amai take ta yi, ta ce ko farar rigata rawaya take ganinta. Da takardar ECG (awon lantarkin zuciya) ta fito, bugu 84 a minti, QRS (alamar bugun ɗakunan zuciya na ƙasa) siriri, amma P (alamar bugun ɗakunan sama) ta ɓace, inda ta leƙo kuma a kife take. Mijinta ya ce, "Likita, mene ne sunan ciwon?" Na buɗe baki, Faransanci kaɗai ya zo mini.

Ga abin da nake son a sa wa suna. A saman zuciya akwai ƙullin da ke ba da kiɗa, 60 zuwa 100 a minti. A tsakiya, inda ɗakunan sama suka haɗu da na ƙasa, akwai mahaɗa. Ita 'yar amshi ce, in an bar ta da kanta 40 zuwa 60 take yi, kuma ba ta karɓar waƙa sai babban makaɗi ya yi shiru. To wani lokaci makaɗin yana nan da ransa, sai ita ta ɗaga zuwa tsakanin 60 da 100, ta riga shi bugawa.

Wani abokin aiki ya ce a kira shi "bugun mahaɗa mai sauri". Ban yarda ba. In ka ce wa mutum zuciyar matarsa na sauri, ya taɓa hannunta ya ji 84, zai ce ka yi ƙarya, kuma yana da gaskiya. A bar "gudu" da "sauri" wa wanda ya haura 100. Wata ungozoma ta ce "juyin mulki". Mun yi dariya, amma a ƙasar nan wa zai rubuta haka a katin majiyyaci?

Ni na tsaya kan "azarɓaɓin mahaɗa". Mai azarɓaɓi ba lalle ya yi gudu ba, ya dai riga malam masallaci ne. Kuma sunan yana sa a tambayi wa ya zuga shi, wanda shi ne maganin gaba ɗaya: digoxine ya yi yawa a jini, ko sinadarin fotasiyom na jini ya yi ƙasa, ko toshewar jijiyar zuciya ta ƙasa, ko kumburin naman zuciya, ko bayan tiyatar zuciya. Ba a cika bin mahaɗar kanta da magani ba.

Mai jegon nan mun tsayar mata da digoxine, muka auna fotasiyom, furosémide ya zubar da shi, muka mayar. Mijin da na ce masa azarɓaɓi ne, ya gyaɗa kai ya ce, "To, ƙwayar ce ta zuga ta ke nan." Masu aiki a Maraɗi da Kano, ku me kuke cewa?