Saba mai kati biyu: ana shiga daga ciki amma ita ba ta iya fita intanet

dan_kwari_IT ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka, tun jiya da la'asar nake kan abu ɗaya kaina har ya fara ciwo. Ina kula da wata ƴar saba (kwamfutar da sauran na'urori ke shiga su yi aiki da ita) a shagon maigidana a Kantin Kwari, Ubuntu 22.04 ce a kai, ita ke riƙe da lissafin kaya na shaguna uku kuma kullum da daddare tana tura bakof, wato kwafin ajiya na bayanan, waje. Katin netwok biyu ne a jikinta, eno1 yana kan rauta (na'urar raba intanet) ta faiba (192.168.1.1), eno2 kuma na jona shi da wata ƙaramar rauta mai layin waya (192.168.8.1) wai don ko faiba ta yanke.

To jiya aka ɗauke wuta, inbata ma ta mutu kafin yara su tada janareto, saba ta kashe kanta. Da ta dawo komai lafiya a ido, yaran shago suna shiga manhajar, ni ma ina shiga ta ssh (hanyar sarrafa ta daga wata kwamfuta) daga laftof ɗina, amma ita kanta ba ta fita ko nan da can. apt update ya tsaya cak, ping 8.8.8.8 (gwajin ko ana kaiwa ga wata lamba a intanet) shiru, bakof bai tafi ba. Abin da ya fi ɗaure min kai, laftof ɗina da ke kan faibar nan dai yana buɗe YouTube ba ko gargada. Na sake kunna ta sau uku, sau ɗaya ta yi aiki sau biyu ta ƙi. Alhaji ya fara tambaya ko sabuwa za a saya, ni kuma wallahi na san ba injin ba ne.

Mai_Faci ya rubuta:

Wa alaikumus salam. DNS ne ɗan'uwa, sa 8.8.8.8 a resolv.conf ka huta. In bai yi ba kashe fayawol ɗin ufw ka gani.

tsohon_injiniya ya rubuta:

Mai_Faci ka sake karanta abin da yaron ya rubuta. Ya ce ping zuwa lamba ma ba ya tafiya, ina ruwan DNS, mai mayar da suna zuwa lamba, da wanda ya riga ya buga lamba? Kuma a Ubuntu ɗin nan resolv.conf ba naka ba ne, systemd-resolved ke rubuta shi, shi ya sa za ka ga 127.0.0.53 a ciki. Batun kashe fayawol a saba mai lissafin kuɗin mutane kuwa, a bar shi kawai.

Dan_kwari, abin da ka faɗa na "sau ɗaya ta yi, sau biyu ta ƙi" shi ne ya tona asirin matsalar. Buga waɗannan ka kawo mana abin da ya fito:

ip route
ip route get 8.8.8.8
ping -I eno1 8.8.8.8
ping -I eno2 8.8.8.8

Ina kyautata zaton za ka ga layin default (hanyar fita waje) guda biyu kuma dukansu metric (lambar fifiko) 100, domin in ka bar katunan biyu a kan DHCP, wato rauta ce ke raba musu adireshi, haka netplan, mai tsara saitin netwok a Ubuntu, ke ba su. To in suka yi kunnen doki, wanda ya riga samun adireshi shi ke zama a sama, shi kuma kernel, wato zuciyar Linux, na saman yake bi. Bayan ɗauke wuta ƙaramar rautar nan takan riga ta faiba farkawa. Sannan ka duba min abu ɗaya da ba na kwamfuta ba: yaushe rabon da a sa wa layin nan data?

dan_kwari_IT ya rubuta:

Innalillahi. Baba injiniya kamar kana tsaye a bayana. Ga shi:

default via 192.168.8.1 dev eno2 proto dhcp metric 100
default via 192.168.1.1 dev eno1 proto dhcp metric 100

ping ta eno1 yana tafiya sumul, ta eno2 ko ɗaya. Na ciro layin na sa a wayata, data ta ƙare tun watan jiya ashe, ba wanda ya lura tunda ba a amfani da shi. Amma abin da ban gane ba, tunda ta ga wannan hanyar ba ta ɓullewa me ya hana ta koma ɗayar? Ai don haka na sa biyun.

tsohon_injiniya ya rubuta:

Nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Ita saba ba ta san data ta ƙare ba. Abin da ta sani kebul yana jone, fitila tana kore, rauta tana amsa mata, shi ke nan a wurinta hanya lafiya lau, za ta yi ta zuba kaya a ciki har gobe. Sai kebul ya fita ko rautar ta mutu gaba ɗaya sannan layin zai sauka ta koma na biyu. Shi ya sa kuma ssh ɗinka ke aiki, kai da ita kuna gida ɗaya a 192.168.1.0/24, maganarku ba ta bi ta default ba sam.

Gyaran na yanzu, a fayil ɗinka na /etc/netplan ƙarƙashin eno2 ka ƙara:

dhcp4-overrides:
  route-metric: 200

Ƙaramar lamba ita ke cin zaɓe, saboda haka faiba za ta zauna a gaba ko wa ya riga tashi. Kuma don Allah da netplan try za ka gwada, ba apply ba, in ka yanke kanka bayan daƙiƙa 120 za ta maido da tsohon saiti. Na taɓa kulle kaina a waje daga wata saba a Sharaɗa ina zaune a Hotoro, sai da na hau adaidaita da azahar a watan azumi, tun ranar ban ƙara ba.

Hajiya_root ta rubuta:

Ƙari kaɗan kan na Baba. In kana da niyyar a riƙa shigowa daga waje ta faiba, wato ka buɗe fot a rauta, to duk ranar da default ta koma eno2 saƙo zai shigo ta ƙofa ɗaya amsa ta fita ta wata da adireshin da bai dace ba, kamfanin layi kuma ya zubar da ita. Maganinsa teburin hanyoyi na daban:

ip route add default via 192.168.1.1 dev eno1 table 10
ip rule add from 192.168.1.20 table 10

ka canja .20 da lambar sabarka, kuma ka mayar da ita tsayayyiya ba DHCP ba. Waɗannan biyun suna gogewa in an sake kunnawa, sai ka rubuta su a netplan ƙarƙashin routes da routing-policy. Ta layin waya kam kar ka wahalar da kanka da shigowa, galibi suna bayan CGNAT ne, wato kamfani na haɗa mutane da yawa a kan adireshi ɗaya.

dan_kwari_IT ya rubuta:

Alhamdulillah ta tashi, na kashe na kunna sau huɗu duk ta faiba take fita, bakof na jiya ma ya wuce. Allah ya saka da alheri Baba, Hajiya na gode, na tebur ɗin sai ranar Lahadi in kasuwa ba cika. Saura in rubuta ɗan skirif da zai riƙa ping ta eno1 duk minti ɗaya ya sauya metric in ta yi shiru, in akwai mai irinsa a ajiye ya taimaka min da shi. Data kuma na ce wa Alhaji a sa ta cikin kuɗin wata tare da na dizal, ya ce zai duba.