Wata huɗu a dojon karate, daga shara sai naushi ɗaya: ku ma haka kuka fara?

Sabon shiga, Nagoya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karatu ya kawo ni Japan, sai na shiga wani dojo, wato makarantar karate, na salon Shotokan a unguwarmu. Wata huɗu ke nan, sau uku a mako. Abin da na iya kawai goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma, zaman seiza, wato a durƙusa a zauna kan dugadugai, har ƙafa ta mutu, da naushi ɗaya tal, oi-zuki, daga wannan bango zuwa wancan. Sensei, wato malaminmu, bai taɓa ce min sannu ba. Jiya dai ya zo ya dafa ƙuguna, ya juya shi kaɗan, ya wuce abinsa. Wanda ya taɓa yi ya faɗa min tsakani da Allah, haka abin yake, ko don an ga baƙo ne?

Tsohon hannu, Tokyo:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, dafa ƙugun nan ai ita ce sannun. Wanda suka fidda rai da shi ko kallo bai ishe su ba. Shekarata shida ina yi. Heian Shodan, ɗaya daga cikin kata, wato jerin motsin da ake haddacewa, motsi 21 ne kacal, cikin mako biyu na haddace, na ɗauka an gama. Ashe ko farawa ba a yi ba. Kullum sensei na bayana yana cewa "hikite, hikite", wato hannun da ake ja baya zuwa ƙugu. Ni kuwa hankalina yana kan hannun da ke duka. Sai a shekara ta biyu, wata rana gaban makiwara, katakon nan da ake naɗe wa igiyar ciyawa, na ja hannun hagu da ƙarfi, ƙugu ya juya da kansa, katakon ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba. Kafaɗata ba ta yi komai ba. Japanawa suna da karin magana, hito kata sannen, kata ɗaya shekara uku. Gichin Funakoshi da ya kawo karate Tokyo a 1922, shi ma shekaru ya kwashe kan kata ɗaya wajen malamansa a Okinawa.

Shara kuwa ba kai kaɗai ba ne. Akwai wani dattijo a dojonmu, baƙar ɗamararsa ta ƙwararru har ta koɗe ta yi fari, shi ke fara durƙusawa da tsumma.

'Yar Goju-ryu, Naha:
Malam, ka gode wa Allah kai har naushi ake bari ka yi. Mu nan a salon Goju-ryu Sanchin ne, kata da Chojun Miyagi ya ɗora salonsa a kai: taku gajere, yatsun ƙafa a juye ciki, numfashi daga mara. Watanni na yi ina tafiya da tuluna biyu, nigiri-game, riƙe da bakinsu da yatsu. Na ce wa mijina na baro ɗibar ruwa a gida na zo na tarar da ita a Okinawa. Amma yanzu in na kama wuyan hannun abokiyar atisayena, sai ta roƙa nake saki.

Wanda ya bari:
Ni fa ban yarda a ce duk wahala tarbiyya ce ba. Na yi shekara ɗaya a ƙungiyar karate ta wata jami'a. Wani sempai, wato babban ɗalibi, yakan sa mu tsayuwar kiba-dachi, ƙafafu a ware gwiwoyi a lanƙwashe kamar mai hawan doki, har cinya ta yi rawa, ba don koyo ba, don a san shi ne babba. Gwiwata ta dama har yau tana tuna min idan sanyi ya shigo. Ka lura: in malami yana gyara maka inda gwiwa ke kallo, zauna. In ihu kawai ake yi, nemi wani wuri.

Tsohon hannu, Tokyo:
Wannan gaskiya ne, Yaya. Irin waɗannan sun fi yawa inda ɗalibai ke jan ɗalibai ba malami a kusa.

Ɗan Zinder, Sendai:
Abin da ya dame ni daban ne: gaisuwar zarei, da ake sa hannuwa a ƙasa a sunkuyar da kai, ga kuma ɗan akwatin bauta na Shinto, addinin gargajiyar Japan, a saman bango. Na sami sensei bayan darasi na ce addinina bai ba ni damar yin abin da ya yi kama da sujada ba. Ya yi shiru, ya ce to, in zauna a miƙe, amma kada in makara ko sau ɗaya. Da wannan sharaɗin na shiga kangeiko, atisayen hunturu na watan Janairu, ƙarfe shida na safe, ƙafa ba takalmi kan katako kamar ƙanƙara. Kwana na uku mutane suka ragu. Da aka tashi sensei ya miƙo min kofin shayi da hannu biyu.

Sabon shiga, Nagoya:
Na gode ƙwarai. Yau na je, na mai da hankali kan hannun baya, sensei ya tsaya kusa da ni ya fi minti ɗaya bai ce uffan ba. Ɗan Zinder, lokacin kangeikon nan yaya ka yi da sallar asuba, a gida ko a can?