Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: ba'a ce ko uzuri?

Ɗan Tsohuwa: Jama'a a raba mu gardama da yayana. Ya ce karin maganar nan ba'a ce ga matsoraci, ni kuma na ce uzuri ake nema wa mutum. Kububuwa ta taɓa saran kawunmu a gona lokacin girbi, aka kai shi asibitin Kaltungo ya warke sarai. Shekara bakwai ke nan, amma ran nan igiyar guga ta faɗo masa a ƙafa, ya yi tsalle ya ture randa. Da ya dawo hayyacinsa cewa ya yi bai san ya tashi ba.

Malam Na Zaure: Kai ne da gaskiya. A wajenmu ma "in ya ga igiya" muke cewa. Ka lura, da dare tsofaffi ba sa kama sunan maciji, igiyar ƙasa suke cewa. Ka duba Suratu Ɗaha aya ta 66: bokayen Fir'auna sun jefa igiyoyinsu da sandunansu, aka suranta wa Annabi Musa, Alaihis Salamu, kamar tafiya suke yi, aya ta gaba ta ce ya ji tsoro a ransa. Igiya tana nan igiyarta, ido aka juya. To wa zai yi wa kawunka dariya?

Uwar Biyu: Allah gafarta Malam, "bai san ya tashi ba" ɗin nan ita ta tsaya mini a rai. Ina yarinya a ƙauyenmu akwai wata tsohuwa 'yar bori a bayan gidanmu. Ana hana mu zuwa, muna leƙe ta katanga. In mai garaya ya saki taken Danko ɗan Musa, iskan maciji a bori, sai ka ga idonta ya kafe, ta zube rubda ciki, tana jan jiki a turɓaya ba hannu ba ƙafa, tana zaro harshe. A miƙa mata ɗanyen ƙwai ta shanye. Matar da ko tashi daga tabarma sai ta dafa bango! Can sai ta yi atishawa, a ce ya sauka, ta zauna tana tambayar wa ya ɓata mata zane. Ba ta tuna komai. Su a wurinsu ita goɗiya ce, iska ya hau. Kawunka tsoro ne ya hau shi, ita kuma abin da ta yi imani da shi, amma duka biyun jiki ya riga hankali.

Ɗan Tsohuwa: Ikon Allah. Hajiya, me ya sa sai maciji?

Uwar Biyu: Ai ba shi kaɗai ba ne, akwai Kure ma, iskan kura. Sai dai maciji daga rami yake fitowa, ba ka jin tahowarsa, ya saɓule fatarsa ya bar maka saɓa. Gajimare ma, bakan gizon nan, Maguzawa cewa suke maciji ne mai kwana a rijiya ko suri, in ya miƙe ya shanye hadari. Shi ya sa ake ce masa masha ruwa.

Abu Huzaifa: Don Allah a bar kawo mana bori cikin karin magana. Shirka ce, kuma yawancinsu borin ƙarya suke don a ba su kuɗi.

Malam Na Zaure: Ɗana, ba wanda ya ce a je a yi girka. Labarin abin da aka gani ake bayarwa. Alaƙar maciji da aljannu kuwa ba 'yan bori suka ƙago ta ba. Hadisin Abu Sa'id al-Khudri yana cikin Sahihu Muslim: wani saurayi ango a lokacin yaƙin Khandak ya soke maciji a ɗakinsa da mashi, shi da macijin suka mutu, aka ce a riƙa yi wa macizan gida gargaɗi kwana uku kafin a kashe.

Abu Huzaifa: Wannan na yarda. Rawar ce ban yarda da ita ba.

Badauri: Ni fa ina bayan yayan Ɗan Tsohuwa. 'Yan kasuwa ba tausayi suke nufi da ita ba. Wanda ya taɓa karyewa a harkar hatsi ya ƙi sake zuba jari, haka ake jefa masa ita ana dariya. Mu mutanen Daura mun san tsoron maciji: maciji mai suna Sarki ya tare rijiyar Kusugu, gari guda ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, sai baƙo Bayajidda ne ya sare masa kai. Baƙon da ba a taɓa sara ba.

Uwar Biyu: To ai ka kawo mana hujja da kanka. Waɗanda suka san shi su ne suka kasa.

Badauri: Hajiya kin kama ni. Amma dai a kasuwa ba'a ce.

Ɗan Tsohuwa: Zan nuna wa Yaya ya karanta da idonsa. Kawu kam mun sauya masa igiyar guga, mun sayo shuɗiya ta roba.