Wai waye ke da ikon zama a kujerar bayan fayilot?

Dan_Agege:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu harkar jirgi ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. A kantar auna kaya nake aiki a wani kamfanin jirgi nan Ikeja. Ana jibi sallah na yanki tikitin ma'aikata zan je Kano, irin na sitanbai ɗin nan da sai kujera ta ragu ake saka ka, toh jirgi ya cika maƙil babu masaka tsinke. Na roƙa a barni in zauna a jamsit, 'yar kujerar nan da ake naɗewa a bayan matuƙa, aka ce a'a, amma ina tsaye da jakata da ledar tsarabar yara wani injiniyanmu ya zo ya shige ciki a kan idona. Ƙarshe motar dare na bi. Wannan doka ce ko sanayya?

Baba_Injiniya:
Wa'alaikassalam yaro, yi haƙuri amma doka ce. Asali don masu aikin sa ido aka yi kujerar, sufetan NCAA (hukumar kula da harkar jiragen sama ta Najeriya), ko kyaftin mai gwada wani fayilot, ko sabon fayilot da ke koyon hanya. Bayan su kowane kamfani ya rubuta a littafin aikinsa wanda ya yarda ya zauna, galibi matuƙa da injiniyoyi masu lasisi, kuma ko sunanka na ciki kyaftin in ya ce a'a magana ta ƙare. A da an fi sakin jiki, mun ga zamanin da ake kai yaro ya leƙa ya gaida fayilot, amma tunda aka yi harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka aka sa ƙofa mai sulke ake kulle ta shikenan. Kai tun kafin nan ma a 1994 wani ma'aikacin FedEx, kamfanin aika kaya na Amurka, ya hau jirgin kayansu a matsayin ma'aikaci mai neman a rage masa hanya, ya far wa matuƙan da guduma, da ƙyar suka sauko da jirgin a Memphis jina-jina. Kaga katin aiki shi kaɗai ba shaida bane.

Maman_Ilham:
Gsky Baba ya faɗa. Ni cikin jirgi nake aiki, kuma ƙanena wurin nan ba wajen hutu bane fa, gwiwarka na tokare bayanka a miƙe har Kano. Sai an nuna maka abin shaƙar oksijin da hanyar fita, kuma in jirgi na ƙasa da tsayin ƙafa 10,000 ba a hira ko kaɗan. Mu ma jamsit ɗinmu na bakin ƙofa ba kowa ake ba ba.

Mai_Tumatir_Mile12:
Hhhh toh ni na zaci kamar tirela ce, ka ba yaron mota ɗan na goro ka zauna gaba.

Baba_Injiniya:
Ai Alhaji da haka ne da tuni kun cika ta da kwando. Amma fa fayilot ɗin ma ba tabbas, Oktoban 2023 wani da ba ya bakin aiki yana jamsit a jirgin Horizon Air a Amurka ya kai hannu zai kashe injinan duka biyu, aka riƙe shi aka sauka a Portland. Wani lokacin kuma rahama ne, jirgin Lion Air ɗin nan 737 MAX da ya faɗi a 2018, ana gobe zai faɗi fayilot ɗin da ke jamsit ne ya nuna musu makunnin da za su kashe suka tsira.

Dan_Agege:
Na gode Baba, na gode Anti. Wlh har na daina gaida injiniyan nan sati biyu, gobe zan kai masa kilishi. Babbar sallah dai tikitin kuɗi zan yanka tun da wuri.