Neman shawara: manjagarar tarakta tana tono mana jar ƙasa a filin kilisa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu dawaki. Muna da filin kilisa da horo, faɗinsa mita 20, tsawonsa mita 40, kewaye da shingen katako. Ƙasansa marmara ce da aka daɓe, aka zuba yashi a kai. Dawaki shida ke shiga safe da yamma. Muna gyara shi da manjagarar ƙarfe mai lanƙwasassun haƙora, faɗinta ƙafa shida, a bayan tarakta Massey Ferguson 375. Tun da muka fara, filin ya yi tudu da kwari a jere kamar kwanon rufi, jar ƙasa da tsakuwa suna fitowa saman yashi, kuma gefen shinge ya zama rami. Ga ƙura. Laifin manjagarar ne mu sake wata, ko mu ne ba mu iya ba?

Direban tarakta:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kar ka sayi komai tukuna. Duba liba biyun da ke hannun daman kujera. Wadda aka rubuta Draft a jikinta ta noma ce: in ƙarfe ya ji tauri sai ta ɗaga shi, in ya ji laushi ta sake shi ya nutse. A gona alheri ne, a filin doki ita ce ke rubuta maka tudu da kwari. Mayar da ita can sama ka bar ta, ka yi aiki da ta Position kaɗai, wadda ke riƙe ƙarfe a tsayin da ka sa shi. In ka sami zurfin da kake so, ɗaure ɗan makarin da ke jikin faifan libar, don duk lokacin da aka sauke ta tsaya wuri guda.

Na biyu, gudu. Manjagara a bayan tayoyin baya take rataye. Tayar gaba ta hau ɗan tudu, hancin tarakta ya ɗaga, bayanta ya sunkuya, haƙora su ciji ƙasa. Ta gangara, haƙora su tashi su zubar da abin da suka kwaso. Gobe ka bi layin nan dai, tudun ya ƙaru. Ka riƙe kilomita 5 zuwa 7 a awa, kamar saurin mutum mai hanzari. Tudun da ya riga ya fito kuwa ba ya mutuwa in ana bin sa ta hanyar da aka yi shi, sai an yanka shi a karkace, daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ka kuma auna faɗin tarakta daga gefen wajen taya zuwa gefen wajen ɗayar. Ƙafa shida ba ta kai mita biyu ba, in tayoyin sun fi ta faɗi to kullum kana barin sawun taya a daddanne. Ɗaure sarƙoƙin gefe kada ta riƙa lilo, sannan a kan siminti ka murɗa hannun daidaitawa na dama har haƙoran hagu da na dama su taɓa ƙasa tare.

Mai walda:
Gaskiya ne abin da Oga direba ya faɗa, amma liba kaɗai ba ta hana haƙora nutsewa in tarakta ta yi sunkuyo. Maganin shi ne ƙananan tayoyi biyu a bayan manjagarar, masu sandar da ake ɗagawa a sauke da ramukan fil ko zobban ƙarfe (washa). Su ne za su ɗauki nauyinta, su bi fuskar fili.

Yadda ake saita su: kai tarakta kan siminti mai lebur, sa katako mai kaurin santimita 3 ko 4 a ƙarƙashin tayoyin tarakta da na manjagara, ka sauke har haƙora su taɓa siminti, ka ɗaure. Kaurin katakon shi ne zurfin da za su shiga, da ɗan ƙari saboda taya ma tana nutsewa a yashi. In ka sa tayoyin, sandar sama ta tsakiya da ke haɗa manjagara da tarakta tana bukatar ɗan wasa, ko rami mai tsawo a wurin fil ɗinta ko a musanya ta da gajeriyar sarƙa mai ƙarfi. In ta sandare, tayoyin za su riƙa tashi sama a banza.

Wani abu kuma: irin wannan manjagarar don tattara duwatsu da shara aka ƙera ta, shi ya sa haƙoranta suke kusa da juna. A yashi sai ta riƙa tura shi gaba tana tarawa. Kwance haƙori ɗaya ka bar ɗaya, yashi zai riƙa bi ta tsakani. In irin mai juyawa ce a kan fil, juya ta gaba ɗaya ta ba da baya, gadon haƙoran ya riƙa shafar fili. Wannan shi ne na gyaran kullum. Ɗaura ƙarfen kwana ko bututu mai nauyi da sarƙa biyu a bayanta, ya bi yana rufe layuka.

Shamaki:
Ranka ya daɗe, ni abin da ya fi tayar min da hankali jar ƙasar nan ce. In ta fito sama, daɓen ne ake yankawa, kuma daɓe shi ne filin. Yashi in ya ƙare a sayo, daɓe in ya lalace sai an kwashe komai.

Kafin tarakta ta sake shiga, nemi rodi ka yi masa zane a kowane santimita. Soka shi har ya tsaya, a layi uku na tsawon fili, wuri biyar a kowane layi, da kusurwoyi huɗu. Rubuta a takarda. Kusan tabbas za ka ga santimita 2 ko 3 a hanyar da dawaki ke bi, 12 ko 15 a gindin shinge. Don kilisa da horon yau da kullum, santimita 5 zuwa 8 ya isa. Ƙasa da haka kofato na dukan tauri, gaɓoɓi su sha wuya. Ya haura 10, ƙafa na nutsewa, jijiyoyin bayan ƙwauri ne ke biya. Mafi muni shi ne fili mai zurfi nan, tauri can, don doki ba ya sanin abin da zai taka.

Wurin da ya fi ƙarancin yashi shi ke yanke zurfin haƙora. Bar aƙalla santimita 2 tsakanin bakin haƙori da daɓe.

Ramin gefen shinge ba yashin ne ya ɓace ba, kofato ne ya watsa shi waje. A sa yara da shebur da manjagarar hannu su jawo shi ciki sau ɗaya a mako, musamman kusurwoyi inda tarakta ba ta kaiwa. Bayan haka karkata manjagarar rami ɗaya a faifan fil ɗinta yadda za ta riƙa tura yashi zuwa ciki, ka zaga sau biyu, ka miƙe ta. A tuna, in an karkata ta faɗinta ya ragu, sai layuka su riƙa hawa juna sosai.

Inda marmara ta riga ta fito: ture yashin gefe, kwashe wanda ya gauraye da tsakuwa, cike da marmara mai ɗan danshi, daɓe da rola ko injin daɓe, a bar shi ya bushe kafin a mayar da yashi. In za a ƙaro, filinka murabba'in mita 800 ne, kowane santimita ɗaya yana cin kubik mita 8. A nemi yashi mai kaifi da aka tace. Rairayi mai laushi yana zamewa a ƙarƙashin kofato, kuma shi ne uwar ƙura.

Wani ɗan'uwa:
Ƙura dai ai a yayyafa baƙin mai, ta kwanta wata da watanni.

Mai kula da barga:
A'a Malam, don Allah kar a yi. Baƙin mai yana cin fata da kofato, doki ya shaƙe shi, ruwan sama kuma ya kai shi rijiya. Ruwa ne magani. Milimita ɗaya a filin nan lita 800 ne, a hunturu ana bukatar milimita 2 zuwa 3, wato lita 1,600 zuwa 2,400 a zubi ɗaya. A zuba da yamma ya kwana yana shiga, a ja manjagara da safe. Damƙi yashin: in ya dunƙule bai ɗiga ba, ya yi. Jan busasshen fili yana taso da garin ƙasa sama ne kawai. Kuma a kwashe kashin doki da baro kafin a ja. In manjagara ta niƙe shi cikin yashi, da rani ya zama ƙurar da ke sa tari, da damina ya zama santsi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na soka rodi, santimita 3 a hanya, 14 a gindin shinge. Sau nawa za a riƙa ja? Kuma akwai haro mai faifai a gona, zai taimaka wajen fasa taurin?

Shamaki:
Haro kam kar ya leƙo ƙofar filin, Alhaji. Faifansa zai yanka daɓe ya juye shi cikin yashi a zagaye ɗaya. Da dawaki shida, shafa ta sama kullum ko bayan kwana ɗaya, sa haƙora sau ɗaya a mako. Canja hanya kowane ja: yau ta tsawo, gobe a karkace, jibi da'ira-da'ira, kuma kar a fara daga wuri ɗaya. Ɗaga manjagara tun tarakta tana tafiya, in ka tsaya cak kafin ka ɗaga za ta bar maka tuli.

Direban tarakta:
Ƙari kan damina. 375 tana da nauyi, in marmara ta jiƙe tayoyinta za su yi kwari a daɓen, yashi ya rufe ba ka gani ba. Taka da ƙafa tukuna: in ruwa ya taso a sawunka, a bar fili. A kwana kuma kar a taka birkin taya ɗaya, yana murje daɓe, a yi kwana mai faɗi. In ruwa na kwanciya a tsakiya, auna gangaren daɓen da tiyon magina, ya kamata ya sauka santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Buɗe gindin shinge ta ɓangaren gangare, don yashin da ya taru a can shi ke tare ruwan.