Sau nawa kuke cefanen kayan miya? Ni da maigida mun kasa daidaitawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Birnin Kebbi, mu biyar ne a gida: ni da maigida da 'yarmu, sai ƙannensa biyu da ke karatu a wajenmu. Shawara nake nema a kan cefane, don abin ya fara kawo mana 'yar tsama.

Maigida ma'aikaci ne. Da albashi ya shigo sai ya shiga babbar kasuwa ya haɗo komai lokaci guda: shinkafa, mai, wake, daddawa, sannan ya ɗoro kwandon tumatir da tattasai da tarugu da albasa, har da damin alayyafo. Hujjarsa ita ce tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin kabu-kabu ya hau, kuma sari ya fi sayen kashi-kashi a wajen mai tebur sauƙi. Ban musa masa ba. To amma kun san zafin garin nan, wuta kuma ba ta da tabbas, firjin namu sai ya wuni ya kwana bai yi sanyi ba. Kafin mako ya zagayo ƙasan kwandon ya fara tsiyayar ruwa, ga tsami, ga ƙananan ƙudajen nan sun cika kicin. Alayyafo kuwa kwana biyu ya yanƙwane. Tsakiyar wata in na ce ba kayan miya sai ya ce, "Ba na sawo ba?"

Ni a gidanmu na tashi na ga kullum da safe ake aiken yaro ya sawo na ranar. Ku sau nawa kuke cefane? Kuma masu saye da yawa, yaya kuke yi ba ya lalace muku?

Wata uwargida daga Jega:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ke da mijinki kowa na da gaskiyarsa, kun dai zuba kayan da jurewar ajiyarsu ba ɗaya ba ce a kwando ɗaya. Shinkafa, wake, mai, kuka, busasshen guro, daddawa, barkono, waɗannan ki bar shi ya sawo na wata, ko na wata uku in Allah ya hore. Albasa ma ki bar masa. Amma ganye ba a yi masa sari. Alayyafo, rama, sure, salak, ranar da za a dafa ranar ake saye, ko jiya da marece in ta ƙure.

Tumatir ne a tsakiya, kuma shi ke haɗa faɗa a gidaje. Ni sau biyu a mako nake sa a sawo mini lokacin zafi, da hunturu kuma sau ɗaya ya isa. In za a saya, kada a ɗebo jajaye zalla don sun fi kyan gani. A haɗo nunanne na yau da gobe, da mai ɗan ruwan ɗorawa, da wanda bai gama barin kore ba. Da an shigo da shi ki juye daga kwando nan take, ki tsince fasassu da masu tabo ki markaɗa su ranar. Sauran kada ki wanke, ki shimfiɗa buhun algarara ko tabarma a ɗakin da ya fi iska, ki jera su ɗaya-ɗaya, wajen hancin yana kallon ƙasa, kada wani ya hau wani. Kullum da safe ki zagaya ki ɗauke wanda ya yi laushi. Guda ɗaya in ya ruɓe a cikin tsibi, na kusa da shi duk sun tafi.

Maman 'yan biyu, Gwadangaji:
Kullum. Yaro na dawowa daga makarantar allo nake ba shi ya tsaya wajen mai tebur. Na san ina biyan tsada, amma ban taɓa zubar da tumatir a bola ba.

Wani mai sayar da kayan gwari:
Hajiya, bari in faɗa miki abin da mu 'yan kasuwa muka sani. Kwandon da maigida ke sawowa ba ranar aka tsinke shi ba. An tsinka a fadama, ya jira mota, an ɗora wani kwando a kansa, ya sha rana da gargadar hanya. Na sama za ki gan shi tas, na ƙasa kuwa ya riga ya matsu tun kafin ya iso hannunmu. Shi ya sa mu kanmu in muka sari kwando, aikin farko shi ne mu baje mu ware, mu karyar da fasassun ga masu abincin sayarwa kafin azahar. Ke da za ki ajiye shi mako uku, kin ɗauki asarar da mu muke gudu. Araha ba ta ado. Ki ce wa Alhaji ya lissafa abin da ake zubarwa, ya cire daga rangwamen da ya samu, ya ga abin da ya rage.

Sannan a lura da lokaci. Daga hunturu zuwa farkon bazara kayan noman rani sun cika kasuwa, tumatir na da araha, fatarsa da ƙarfi, iska a bushe take, yana jurewa. Da zafi ya kankama, wajen Afrilu da Mayu, gonakin rani sun fara ƙarewa, kaya ya yi ƙaranci, ga shi ba ya kwana. Na damina kuma ruwa ne a cikinsa. Wanda ya ce miki lissafi ɗaya yake yi duk shekara, to ba shi ke girki ba.

Mai son na ajiya ya zo da sassafe lokacin da aka sauke kaya. Na marece ya fi araha kuma muna yin gyara da yawa don ba mu son ya kwana, amma wannan na tukunyar daren ne. Na san za a ce ina so ne a riƙa zuwa wajena kullum. To ina so mana, amma dai abin da na faɗa haka yake.

Wani magidanci daga Gusau:
'Yar'uwa, kada a yi wa mijinki rashin adalci. Namijin da ke sawo na wata tsoro yake ji kada kuɗi su narke a aljihu kafin wata ya ƙare, gara ya ga kaya a ɗaki hankalinsa ya kwanta. Ni ma haka nake yi da. Abin da ya raba mu da gardama shi ne na ware kuɗin kayan miya daban, na raba su gida huɗu, duk Juma'a in miƙa wa uwargida kaso ɗaya. Ita ta san ranar da za ta yi miyar kuka da ba ta cin tumatir, da ranar da za ta yi dage-dage. Maganar kuɗin kabu-kabu kuma, ai yana fita aiki kullum. Ya tsaya a hanya in zai dawo, ba sai an yi tafiya ta musamman ba. Sai dai ki zaɓi lokacin da za ki yi masa maganar, ba ranar da kika tarar da kwando ya ruɓe ranki a ɓace ba.

Wata malamar makaranta, Argungu:
Ki gwada tukunya cikin tukunya. Ki samu randa babba da ƙarama wadda za ta shige ciki da sauran fili, duka na ƙasa marasa fenti. Ki zuba yashi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar, ki cike tsakaninsu da yashi, ki jiƙa shi sharkaf. Kayan miya su shiga ƙaramar, ki rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, ki ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Safe da yamma ki ƙara wa yashin ruwa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar randar yana bushewa, shi ke janye zafin ciki, yadda ruwan randa ke yin sanyi. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa dabarar a ƙauyuka, har ta sa ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Tattasai da karas da yalo suna jin daɗinta sosai. Alayyafo ma yana ƙara kwana, in kin naɗe shi a tsumma mai ɗan danshi ba ki wanke ba. Amma kada ki haɗa ganye da nunannen tumatir ko ayaba wuri ɗaya, akwai iskar da suke fitarwa in suna nuna, ita ke sa ganye ya yi rawaya da wuri.

Wata daga Yawuri:
Malama, ki ƙara musu da cewa abin nan na rani ne. Mu nan bakin ruwa da damina na gwada, iska ta riga ta jiƙe, yashin ba ya bushewa balle ya sanyaya komai. Fumfuna na samu a tattasai.

Malamar makaranta:
Gaskiyarki Yaya. Daga watan Yuli zuwa Satumba ni ma kife su nake yi.

Wata Hajiya daga Aliero:
Duk kun manta da kauɗa, ko don yaran yanzu na ganin abin ƙauye ne. Amarya, in maigidanki mai son sari ne, ki bar shi ya yi sarinsa lokacin da tumatir ya faɗi warwas, wajen Janairu da Fabrairu, har kwando biyu ma. Ki zauna da ƙannen nan nasa ku yanka gida biyu ko huɗu, a shanya a kan tabarma mai tsabta a saman rumfa ko kan kwano, ba a ƙasa ba inda awaki da ƙura za su bi ta kai. In da tsohon gidan sauro ki wanke ki lulluɓa. Iskar hunturu za ta busar da shi ƙayau. Ki tabbatar ya bushe har yana karyewa kafin ki ɗure a bokiti mai murfi, don in da sauran laushi baƙi zai yi. Haka za ki yi wa tattasai da guro. Ranar girki ki jiƙa da ruwan zafi, ki wanke, ki haɗa da ɗanyen tumatir biyu ko uku da albasa mai yawa a kai markaɗe. Mai ci ba zai ce komai ba sai santi. Lokacin da mutane ke kuka da tsadar tumatir a farkon damina, ni na kashi ɗaya nake saye ya yi mini kwanaki.

Albasa kuwa garinmu ne gidanta. Manoma a rudu suke ajiye ta wata da watanni, rumfa ce ta kara da ciyawa da aka ɗaga daga ƙasa, iska na shiga ta ko'ina, suna jiran ta yi kuɗi. Ke ma abin da take so ke nan: ki zaɓi wadda wuyanta ya bushe, ki baje ta a inuwa, ba leda, ba firji, kuma nesa da dankalin Turawa. Ta rani ake ajiyewa. Ta damina mai ɗanyen wuya ba ta zama, ki sayi kaɗan.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Anti, ni aikin kwana nake yi, ba ni da sukunin kasuwa sai ranar hutuna, don haka sau ɗaya a mako ne. Ina dawowa nake markaɗa rabi, in tafasa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, in soya da mai da ɗan gishiri. Wannan yakan kai ni 'yan kwanaki, amma in ba wuta safe da dare nake sake tafasa shi sosai, kuma cokali mai tsabta kaɗai ke shiga.

Inda nake so a yi hattara shi ne firjin da ke sanyi ya saki, ya sake sanyi ya saki. Mutum na ganin abu a firji sai ya saki jiki, alhali ya wuni da ɗumi a rufe. Markaɗen da ya fara kumfa, ko murfin robar ya kumbura, ko ya canza wari, a zubar kawai. Kada a ce za a sa kanwa a kashe tsamin, kanwa ɗanɗano take gyarawa, ba ta mayar da abin da ya lalace lafiyayye. Tumatir mai fumfuna ma ba a yanke gefen a ci sauran, abu ne mai ruwa, ɓarnar ta riga ta ratsa ciki. Ga ki da ƙaramar yarinya a gida. Salak da kabeji da za a ci ɗanye kuma a wanke da ruwa mai tsabta sosai, musamman da damina da ake fama da amai da gudawa.

Wani daga wani ƙauye a Zamfara:
Ku na birni kuna da zaɓi. Mu kasuwarmu mako-mako take ci, kuma yadda hanya ta zama yanzu ba kowane mako mutum ke yarda ya fita ba. Abin da ya rufa mana asiri shi ne bayan ɗaki. Zogale biyu, kabewa ta hau danga, alayyafo a tsofaffin buhunan siminti da aka cika da ƙasa da taki. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe su. Alayyafo bai cika wuce wata ɗaya ba an fara yanka, in kin yanka sama ki bar gindin zai sake tohowa. Ko gidan haya kike, buhu uku ba za su tare hanya ba. Kaji kawai za ki yi wa shinge.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida maganar mai kayan gwari da ta Malam na Gusau, ya yi dariya ya ce an haɗa masa kai. Ya yarda zai ci gaba da sawo busassun kaya da albasa na wata, na kayan miya kuma zai riƙa ba ni duk mako. Kauɗa sai hunturu in Allah ya kai mu. Saura tarugu, shi ba wanda ya taɓo, kuma shi ma yana yi mini laushi ya ruɓe ta wajen hanci.

Uwargida daga Jega:
Ledar da ake ƙullo shi ce ke dafa shi, ɗiyata. Ki kwance da an kawo, ki baje a faranti ko matankaɗi, kada ruwa ya taɓa shi sai za ki yi amfani da shi. Wanda ya fara yanƙwanewa ki tsaga biyu ki shanya, ya shiga yaji. Kuma ki ce wa mai sawowa ya daina karɓar wanda aka yayyafa wa ruwa don ya yi sheƙi.